Yadda ake rushe kulob ɗin besbol a sake gina shi daga tushe: tambayoyi da amsoshi

'Yan'uwa masu kallon ƙwallon ƙafa idan suka fara leƙa besbol ɗin Amurka abin da yake fara ɗaure musu kai shi ne su ga kulob ya sallami taurarinsa kaf ya koma tara yara, kuma magoya baya sun sani, 'yan jarida sun sani, ba wanda ya kira shi hauka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka. Yawancin misalan daga Houston Astros na ɗauko su don su ne suka yi abin ƙiri-ƙiri ba ɓoye-ɓoye, sai Chicago Cubs da Baltimore Orioles da wasu nan da can.

Wai me ake nufi da sake gina kulob ne? Ba sayo manyan 'yan wasa ba ne kawai?

A'a, akasin haka ne ma. Shugabannin kulob ne za su zauna su duba su ga 'yan wasansu sun tsufa, albashi ya yi nauyi, ƙasa kuma babu yaran da za su gaje su, sai su yanke shawara cewa shekara uku ko huɗu masu zuwa ba kofi muke nema ba. Duk ɗan wasan da yake da kasuwa sai a miƙa shi ga wani kulob a karɓo matasa uku ko huɗu da ba su ko taɓa buga babban lig ba, a rage albashi, a zuba kuɗin a wajen masu farautar yara da kociyoyin ƙananan lig da na'urori.

Astros sun fara a 2011, suka ba Philadelphia Hunter Pence, suka ba Atlanta Michael Bourn. A ƙarshen shekarar Jim Crane ya sayi kulob ɗin ya ɗauko Jeff Luhnow daga St. Louis Cardinals ya ba shi janar manaja, shi kuma ya ƙarasa share abin da ya rage. Cikin wasa 162 da ake bugawa a kaka an ci su 106 a 2011, 107 a 2012, 111 a 2013, kai a 2013 ɗin ma wasa 15 na ƙarshe duk cinye su aka yi a jere. A 2017 suka ci wasa 101 suka ɗauki World Series, wato kofin zakarun lig, a hannun Los Angeles Dodgers.

To ba sa tsoron faɗawa ajin 'yan dagaji?

Babu ajin 'yan dagaji a MLB, wato babban lig ɗin besbol na Amurka, nan ne tushen maganar gaba ɗaya. Kulob 30 ne, 29 a Amurka ɗaya a Kanada, ko wasa nawa aka ci ka baɗi kana nan daram, kuɗin talabijin na lig ma za a raba da kai. Kuma a da wanda ya zo na ƙarshe shi ake ba damar fara zaɓar sabon ɗan wasa a diraf. Kaga kenan na ƙarshe yana da lada, na tsakiya kuwa ba kofi ba zaɓi mai kyau, shi ya sa manajoji da yawa suka fi tsoron zama a tsakiya fiye da zama a ƙasa.

Shi diraf ɗin yaya yake?

Duk shekara a watan Yuli yanzu (a da Yuni ne) kulob-kulob suna zaɓar yaran da suka gama sakandare ko suke jami'a a Amurka da Kanada da Puerto Rico, bi da bi, zagaye 20. Yaron da ka zaɓa kai kaɗai ne kake da damar ƙulla kwantiragi da shi. Kowane kulob ana ƙayyade masa jimillar kuɗin da zai kashe, kuma a nan ne masu wayo suke nuna kansu.

Dubi abin da Astros suka yi a 2012. Su ne na farko, kuɗin da aka ware wa gurbin farko ya kai dala miliyan 7.2, sai suka zaɓi Carlos Correa, yaro ɗan shekara 17 daga Puerto Rico, ya yarda ya karɓi miliyan 4.8. Rarar da ta saura suka ɗauka suka lallashi Lance McCullers Jr. da ita, wanda suka zaɓa a gurbi na 41 kuma yana shirin tafiya jami'a, suka ba shi miliyan 2.5. Da kuɗin mutum ɗaya suka samu mutum biyu da dukkansu suka buga World Series na 2017, McCullers ma shi ya fara jifa a wasa na bakwai, wato na ƙarshe da ya raba gardama.

Me ya sa ake rububin yara haka, alhali ba su nuna komai ba tukuna?

Kuɗi ne ɗan'uwa. Dokar MLB ta ce ɗan wasa sai ya cika shekara 6 a babban lig kafin ya samu 'yancin zuwa inda ya ga dama. Shekara uku na farko kusan mafi ƙarancin albashi ake ba shi, a 2024 dala 740,000 ne, shekara uku na gaba kuma yana iya kai ƙara gaban masu sasanci a ƙara masa amma duk da haka bai kai farashinsa na kasuwa ba. Ka kwatanta da Gerrit Cole da ya samu 'yancinsa a ƙarshen 2019, New York Yankees suka ba shi dala miliyan 324 na shekara tara. Saboda haka idan ka samu yara biyar ko shida masu kyau suka taso tare, kana da zuciyar tim a farashi mai sauƙi, sauran kuɗin sai ka cike gurabe da su.

Abin yana da ɓangare mara daɗi, kuma ni yana min ciwo. Kwana 172 ake ƙirgawa a matsayin shekara ɗaya. A 2015 Cubs suka bar Kris Bryant a ƙaramin lig a farkon kaka duk da kowa ya ga ya shirya, sai ranar 17 ga Afrilu suka kira shi, ya ƙare shekarar da kwana 171. Kwana ɗaya tak ya sa suka ƙara riƙe shi shekara guda. Ya kai ƙara, a 2020 aka yanke hukunci bai yi nasara ba. Doka ta ba su, amma zalunci ne a kan yaron da ya yi duk abin da aka ce ya yi.

Me ya sa musaya suke yi maimakon a biya kuɗi a sayi ɗan wasa kamar a Turai?

Haka tsarinsu yake, ɗan wasa ake bayarwa a karɓi ɗan wasa, kwantiraginsa ya bi shi, wani lokaci a ɗora ɗan kuɗi a kai. Kasuwar tana rufewa ne wajen ƙarshen Yuli, kuma makonnin nan na ƙarshe su ne lokacin cin kasuwar kulob mai gini, domin masu neman kofi idonsu ya rufe suna neman mai jifa (mai jefa ƙwallo) ko mai bugu (mai dukanta da sanda) ruwa a jallo. Kamar mai kiwon rago ne, ana saura kwana uku Sallah farashinsa daban, bayan Sallah kuma daban, ɗan wasan da kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kaka in ba ka sake shi a Yuli ba zai tafi a banza.

Cubs a ƙarƙashin shugabansu na lokacin Theo Epstein sun ƙware a wannan. A 2013 suka ɗauki Scott Feldman kwantiragin shekara ɗaya, ya yi wata uku yana jifa mai kyau, suka tura shi Baltimore suka karɓo Jake Arrieta wanda a lokacin kowa ya fitar da rai da shi. A 2015 Arrieta ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa. Kyle Hendricks daga Texas suka samo shi a kan Ryan Dempster a 2012, Anthony Rizzo daga San Diego a kan Andrew Cashner, Addison Russell daga Oakland a 2014. Astros kuma a 2016 suka ba Dodgers wani mai jifa na ko-ta-kwana, Josh Fields, suka karɓo wani matashi ɗan Kyuba da bai ko buga wa Dodgers wasa ɗaya ba a ƙananan lig, Yordan Álvarez. Yau yana cikin masu bugun da aka fi tsoro a duniya.

Amma fa kar a ɗauka kullum haka take fitowa, yawancin musayar nan cinikin biri a sama ne, yara huɗu za a karɓo ɗaya ya fito in an yi sa'a, waɗanda suka fito ɗin ne kawai muke tunawa.

Wanda aka zaɓa na ɗaya a diraf ai tabbas tauraro ne ko?

Ina! Astros sau uku a jere suna zaɓen farko, sau ɗaya suka dace. A 2013 suka ɗauki Mark Appel daga jami'ar Stanford suka bar Kris Bryant ya tafi Cubs a gurbi na biyu. Appel bai taɓa buga musu babban lig ba, suka saka shi cikin musaya zuwa Philadelphia a 2015, ya ma ajiye wasan na wani lokaci, sai a 2022 yana ɗan shekara 30 ya samu ya taka fili. A 2014 suka zaɓi Brady Aiken, likitoci suka duba gwiwar hannunsa suka ga abin da bai kwanta musu ba, cinikin ya watse, yaron aka yi masa tiyata a shekara mai zuwa kuma bai taɓa kaiwa babban lig ba. Abin da ya cece su shi ne an ba su gurbi na biyu a 2015 a madadin, da shi suka ɗauki Alex Bregman, suka ƙara da Kyle Tucker a gurbi na biyar.

Masu jifa su ne suka fi haɗari. Jijiyar gwiwar hannu tana tsinkewa, a yi tiyatar nan da ake kira Tommy John, mutum ya yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bai dawo ba. Shi ya sa Cubs suka fi zaɓar masu bugu a diraf, masu jifa kuma suka samo su ta musaya da kuɗi.

To in diraf caca ne, musaya ma caca, ina ainihin aikin yake?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a yi. Ainihin aikin yana wajen renon 'yan wasa, kuma a ganina shi ne yake raba kulob ɗin da ya gina wani abu da wanda ya ɓata wa mutane shekaru kawai. A ci ka wasa ɗari ba gwaninta ba ce, kowa zai iya.

Kowane kulob yana da ƙananan tim huɗu a jere, Single-A, High-A, Double-A, Triple-A, ga kuma na 'yan koyo a sansaninsu na Florida ko Arizona. Yaro yakan yi shekara uku zuwa biyar yana hawa mataki-mataki, yana kwana a bas daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, kusan kullum wasa. A can ne ake gyara masa yadda yake riƙe ƙwallo, inda yake ajiye ƙafa, irin ƙwallon da zai bari ta wuce ba tare da ya kai mata sanda ba, har abincinsa da barcinsa.

Bari in nuna maka yadda abin yake a aikace. A ƙarshen 2013 akwai wani mai jifa Collin McHugh, ya buga wa New York Mets da Colorado, ana ta dukan ƙwallonsa, Colorado suka sake shi. Mutanen Astros suka duba bayanan na'ura suka ga lanƙwasasshiyar ƙwallon da yake jefawa tana juyawa a iska da sauri fiye da ta yawancin masu jifa, shi kuma ba ya yawan amfani da ita. Suka ɗauke shi kusan kyauta suka ce ya ƙara yawan jefa ta, ya rage wadda ake duka, mai saurin kuma ya riƙa ɗaga ta sama wajen ƙirjin mai bugu. Mutumin nan a 2015 wasa 19 ya ci. Hannun dai shi ne, mutumin shi ne, abin da aka ce ya jefa ne ya canza. Irin wannan suka yi wa Charlie Morton, suka yi wa Gerrit Cole da suka karɓo daga Pittsburgh a Janairun 2018.

Kuma a faɗi gaskiya, wasu ginshiƙan tim ɗin 2017 Luhnow tarar da su ya yi. George Springer an zaɓe shi a 2011, Dallas Keuchel a zagaye na bakwai a 2009, José Altuve tun 2007. Sannan su ɗin da ake yabo da iya lissafi su ne suka sallami J.D. Martinez a Maris 2014 bayan ya ce musu ya gyara bugunsa ba su saurara ba, ya tafi Detroit ya zama tauraro. Na'ura tana gaya maka abin da mutum ya yi jiya, in ba ka da kocin da zai tsaya ya kalli abin da yake yi yau za ka yi asara.

Yaran Latin Amurka fa, ta ina suke shigowa?

Ban da 'yan Puerto Rico, ba sa shiga diraf. Daga shekara 16 kulob zai iya ɗaukarsu kai tsaye, kuma kowane kulob yana da makarantar horo a Jamhuriyar Dominika. Altuve ɗan Benezuwela ne, ya je gwaji aka ce masa ya yi gajarta ya koma gida, washegari ya sake dawowa, ƙarshe dala 15,000 aka ba shi. A 2017 shi ne gwarzon ɗan wasan American League, ɗaya daga ɓangarori biyu na MLB. Framber Valdez dala 10,000 aka ba shi yana ɗan shekara 21, shekarun da sauran kulob suke ganin mutum ya wuce a ɗauke shi, Cristian Javier ma 10,000. Waɗannan biyun suna cikin waɗanda suka ɗauko kofin 2022, kuma ba sai da aka ci kulob wasa ko ɗaya da gangan ba kafin a same su, idon masu farauta ne kawai da haƙurin kociyoyi.

Akwai 'yan Afirka a ciki?

Kaɗan ne sosai. Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu shi ne haifaffen Afirka na farko da ya buga MLB, da Pittsburgh a 2017. Dodgers kuma suna da makarantar horar da yara a Yuganda.

Yaushe ake daina tara yara a fara neman kofi?

Idan yaran suka fara isowa babban lig tare, to lokacin buɗe jaka ya yi, kuma a nan ake gane mai kulob na gaskiya. Cubs a Disamban 2014 suka ba Jon Lester dala miliyan 155 na shekara shida, a Yulin 2016 suka ba Yankees Gleyber Torres, yaron da suka fi sa rai a kansa, suka karɓo Aroldis Chapman na wata uku kacal. Suka ɗauki kofin a hannun Cleveland a wasa na bakwai, na farko tun 1908. Astros kuma daren 31 ga Agusta 2017, ana saura 'yan mintuna a rufe wa'adi na biyu na musaya da ake da shi a lokacin, suka ba Detroit yara uku suka karɓo Justin Verlander. Yaran da ka tara amfaninsu biyu ne, wasu su buga maka, wasu ka biya da su, wanda ya ƙanƙame su duka yana jin tsoron kuskure sai lokacin ya wuce shi yana kallo.

Amma ai an ce Astros maguɗi suka yi a 2017?

Sun yi, kuma ba abin da za a rufe. A lokacin, mai tsugunawa bayan mai bugu yakan nuna wa mai jifa irin ƙwallon da zai jefa da yatsunsa. Astros suka yi amfani da kyamarar da ke can ƙarshen fili suna kallon yatsun a talabijin kusa da bencinsu, sai wani ya doki kwandon shara, bam, mai bugu ya ji ya san mai lanƙwasa ce ke zuwa, in shiru ne kuma mai sauri ce. Tsohon ɗan wasansu Mike Fiers ne ya tona a Nuwamban 2019. A Janairun 2020 MLB ta dakatar da Luhnow da koci A.J. Hinch shekara guda, Crane ya kore su a ranar, aka ci kulob tarar dala miliyan 5 aka ƙwace musu zaɓen zagaye na ɗaya da na biyu na 2020 da 2021.

Ni ina ganin abin ba ya rasa nasaba da halin da aka gina wurin da shi, na duk abin da zai kawo nasara a yi shi. Amma ƙwarewar renon tana nan ba ƙarya ba ce, sun kai wasan kusa da na ƙarshe shekara bakwai a jere daga 2017 zuwa 2023. Correa ya tafi Minnesota bayan 2021, suka ɗora Jeremy Peña da suka zaɓa a zagaye na uku a 2018, a shekararsa ta farko ya zama gwarzon World Series na 2022 a ƙarƙashin koci Dusty Baker.

Akwai waɗanda suka bi hanyar nan kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba?

Da yawa. Chicago White Sox sun ba da Chris Sale da Adam Eaton a Disamban 2016, José Quintana a 2017, suka karɓo Yoán Moncada, Michael Kopech, Lucas Giolito, Eloy Jiménez, Dylan Cease, kowa yana cewa sun kwashe kasuwa. Sun ci rukuninsu a 2021, daga nan rauni da rashin ci gaban yaran suka taru musu, a 2024 aka ci su wasa 121, abin da ba a taɓa gani ba a besbol ɗin zamani. Pittsburgh kuma shekara 20 a jere daga 1993 zuwa 2012 ba su taɓa ƙare kaka da rinjayen nasara ba, kullum ana cewa gini ake yi.

Baltimore ta fi dama. An ci su 115 a 2018, suka ɗauko Mike Elias daga Astros suka ba shi janar manaja, ya zaɓi Adley Rutschman na ɗaya a 2019 da Gunnar Henderson a gurbi na 42, a 2023 suka ci wasa 101. Sai dai kofi bai zo ba a shekarun da suka biyo nan kusa.

Ga kuma waɗanda ba sa rushewa sam. Dodgers tun 2013 suke shiga wasannin fitar da gwani duk shekara kuma ƙananan tim ɗinsu ba sa rabo da yara masu kyau. Za ka ce ai masu kuɗi ne, to Tampa Bay fa, da ɗan albashinsu suke sakin ɗan wasa tun yana da sauran daraja, kamar yadda suka ba Pittsburgh Chris Archer a 2018 suka karɓo Tyler Glasnow da Austin Meadows da Shane Baz, a 2020 suka kai World Series.

Magoya baya fa, kuma lig ba ta ɗauki mataki ba?

Magoya baya su ne suke biyan kuɗin abin. A 2007 mutum sama da miliyan uku suka shiga filin Astros, a 2012 abin ya sauko kusan miliyan 1.6. Uban da ya sayi tikiti ya kai ɗansa kallo a 2013 ba a rage masa ko sisi ba don an ce masa ya jira 2017, shi kuwa mai kulob albashin tim ɗinsa a shekarar bai kai dala miliyan 30 ba. Ƙungiyar 'yan wasa ma ta daɗe tana kuka, don idan kulob takwas ko goma ba sa neman nasara to manyan 'yan wasa masu shekara talatin da wani abu ba su da masu saye.

A yarjejeniyar 2022 aka canza dokoki. Gurbi shida na farko a diraf yanzu da ƙuri'a ake fitar da su tsakanin duk kulob ɗin da ba su shiga wasannin fitar da gwani ba, waɗanda kuma aka ƙara yawan masu shigarsu zuwa 12. An saka lada na ƙarin zaɓe ga kulob ɗin da ya fara kaka da yaronsa mai tasowa in yaron ya ci babbar kyauta, don a rage irin abin da aka yi wa Bryant. Sannan kulob mai babbar kasuwa ba zai samu gurbin ƙuri'a shekara biyu a jere ba, mai ƙaramar kasuwa kuma ba zai wuce biyu a jere ba. Ƙuri'ar farko Pittsburgh ce ta ci, ta ɗauki Paul Skenes a 2023. White Sox kuwa da aka ci su 121 a 2024, gurbi na goma aka ba su a diraf ɗin 2025.